Lahadi Ɗaya a Leeds

Leeds, 22 ga Satumba, 1986

Baffa Innes,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kana lafiya, yaya Gwaggo Retta da ƙafa? Ni ƙalau nake, in ban da tarin da hayaƙin garin nan ya sa mini. Aikin asibiti da godiya. Tsofaffi ashirin da huɗu nake jinya, rabinsu suna kirana da sunan ’ya’yansu, ni kuwa ina amsawa.

Baffa, ina wasiƙata? Jiya Lahadi ta biyar ke nan ina zaune a bencin baya. Ba sai na gaya maka ba, kai da ka shekara talatin kana tarbar baƙi a bakin ƙofa: wanda bai zo da wasiƙar shaida daga ikilisiyarsu ba, ba ya zama a da’irar teburin Ubangiji. To, nan ma haka suke. Dattijonsu, wani mai suna Holroyd, mutumin kirki ne. Kowace Lahadi sai ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, “Ishbel, har yanzu mutanenku na Portlennie ba su sami alƙalami ba?” In yi dariyar yaƙe, in wuce baya in zauna kusa da wani bawan Allah da ɗumin ɗakin kawai ke kawo shi. Gurasa ta zaga, ƙoƙo ya zaga, ni ina kallon ƙeyar mutane.

Tun ina shekara goma sha shida ban taɓa jera Lahadi biyu ban kakkarya gurasa ba. A garin nan ban san kowa ba, teburin nan ne kaɗai gidan da nake da shi, ga shi ina hangensa daga nesa. Ranar da zan taso ka ce, “Je ki, za ta biyo ki cikin mako.” Layi biyar ne fa, da sa hannun dattawa uku: naka, na Peem Duthie, da na Wattie Slater. Me ya tsaya?

Wani abu kuma. In an tsinci littafi mai shuɗiyar riga a ƙarƙashin kujerata a ɗakin taro, nawa ne, a ajiye mini. Ba sai an buɗe ba.

’Yarka,
Ishbel

Portlennie, 29 ga Satumba

’Yata Ishbel,

Alheri da salama su tabbata gare ki. Mun sami wasiƙarki. Ƙafar Retta tana nan yadda kika bar ta, bakinta kuwa lafiya lau. Ki riƙa shan zuma da ruwan ɗumi saboda tarin. Jiragen kamun kifi sun kwana huɗu a ɗaure, iska ta ƙi kwanciya.

An tsinci littafin, kuma an buɗe. Nessie matar Wattie ce ta gan shi tana shara, kin kuwa san Nessie. Da yamma sai ga Wattie a rumfar da nake ɗinkin taru, ya riƙo shi da yatsa biyu kamar kifin da ya kwana uku a rana.

Ya ce, “Innes, ka ga abin da ’yarka take karantawa a gaban teburin Ubangiji? Sabuwar fassarar Littafi Mai Tsarki!”

Na ce, “Ai ba ’yar cikina ba ce, kakanta da ubana ne wa da ƙane.” Maganar ba ta gama fita ba na ji kunyarta. Na gaya miki ne don kada ki ji a bakin wani.

Ya buɗe mini Ayyukan Manzanni sura takwas, ya ce in bi lambobi da yatsa. Talatin da biyar, talatin da shida, talatin da takwas. Ishbel, ina talatin da bakwai? Ayar da mutumin Habasha ya furta bangaskiyarsa kafin ya shiga ruwa. Ita kika faɗa da bakinki, haƙoranki suna kaɗawa, ranar da na tsaya da ke cikin teku a bayan madatsa na yi miki baftisma. Sun sauke ta can ƙasan shafi da ƙananan baƙaƙe, sai da na sa tabarau biyu na gan ta.

Tsohuwar fassara ita Allah ya yi aiki da ita a gaɓar tekun nan. Da ita kakanninmu suka tuba, da kalmominta a baki wasunsu suka nitse. In ɗan adam ya sami ikon sauke aya ɗaya yau, wa zai riƙe masa hannu gobe? Maganar Allah ba ta bin yayi.

Ga inda aka tsaya. Peem ba matsala, ko takardar rataye shi ka miƙa masa zai sa hannu ya yi godiya. Wattie ya ce ba zai shaidi wadda bai san abin da ta tsaya a kai ba. Layi ɗaya yake so da rubutun hannunki: cewa kin bar sabuwar, tsohuwar kaɗai kika ɗauka Maganar Allah. Ki aiko, wasiƙarki ta kama hanya a ranar.

Littafin kuwa ya zame mini kaya. Wattie ya ce in ƙone. Na buɗe murhu, na tsaya, na kasa, don sunan Ubangiji yana ciki. Retta ta ce ba dai a gidanta ba. Yana rumfa a kan kanta, tsakanin zare da gwangwanin kwalta.

Baffanki,
Innes Cowie

Leeds, 3 ga Oktoba

Baffa,

Ina gaisuwa, a gaida Gwaggo. Tari ya yi sauƙi. Zan yi magana a miƙe, ka yi mini haƙuri.

Ba yayi ne ya kai ni ba. Bara, ina asibitin Aberdeen, akwai wani tsoho mai suna Gerrie, shekara arba’in yana tuƙa bas, bai taɓa taka ɗakin sujada ba sai wajen jana’iza. Da ya gane ba zai tashi ba ya ce in karanta masa wani abu. Na ɗauko tawa tsohuwar, mai Turancin zamanin da, na gyara murya irin ta Wattie, na karanta masa rabin sura. Ya saurara har ƙarshe, sa’an nan ya ce, “’Yar nan, da daɗi kam. To yanzu faɗa mini da Turanci.” Washegari na sayi wannan littafin. Kwana tara na yi ina karanta masa, yana tsayar da ni yana tambaya, wani lokaci har da gardama. Ban san abin da ya wuce tsakaninsa da Allah ba, amma na san ya ji abin da aka faɗa masa.

Maganar ayar nan, ba sata aka yi ba. Masu fassarar sun duba rubuce-rubucen hannu na Helenanci da suka fi tsufa, ba su same ta a ciki ba, sai suka sa ta a ƙasa suka faɗi dalili. Ɓarawo ba ya barin bayani. Kuma Baffa, manzo Bulus bai ji Turanci ba! Tsohuwar ma mutane ne suka zauna a kan teburi suka fassara ta, da tawada a yatsunsu, suna musu da juna. Allah ya yi aiki da ita, na yarda da zuciya ɗaya. Har gobe in zan yi addu’a kalmominta ne suke zuwa bakina. Amma in rubuta cewa abin da na karanta wa Gerrie ba Maganar Allah ba ce? Hannuna ba zai iya ba.

Abin haushin ma, a ikilisiyar nan fassara iri uku nake gani a hannun mutane, Holroyd kansa sabuwa yake riƙewa, kuma rufin ɗakin bai faɗo ba. Su ba ruwansu da wadda nake karantawa. Wasiƙa kawai suke jira.

Ka ce ni ba ’yar cikinka ba ce. Gaskiya ne. Amma ranar da aka binne babana, a gidan wa na kwana? Wa ya saya mini hular Lahadi ta farko, wadda ta rufe mini ido? Ka koma wurin Wattie.

Ishbel

Leeds, 27 ga Oktoba

Baffa,

Ina fata lafiya. Mako uku da kwana uku ban ga rubutunka ba. Kullum in na dawo aiki sai na tsaya a gindin matakala ina jujjuya wasiƙun maƙwabta, ko tawa ta maƙale a tsakani. Matar da nake haya a gidanta ta fara yi mini wani irin kallo.

In maganata ce ta ɓata maka rai, ka zage ni a rubuce, ya fi mini shirun nan. Ko ka yanke shawara ne cewa gaskiyar da ka gaya wa Wattie ita ce gaskiya, dangin nesa ce ni?

Lahadi goma ke nan. Jiya na kasa zama, ana ɗaga ƙyallen da ke kan gurasa na fice. Akwai wata majami’a a tsallaken titi da suke ba duk wanda ya miƙa hannu gurasa, ba tambaya. Na je har bakin ƙofarta, na tsaya ina jin waƙarsu, ƙafata ta ƙi shiga. Ku kuka raine ni haka. Na yi ta yawo a gefen kogi cikin ruwan sama har hulata ta lalace.

Na gaji, Baffa. Littafin kuwa ku yi yadda kuka ga dama da shi.

Ishbel

Portlennie, 4 ga Nuwamba

’Yata,

Salama. Ba fushi ba ne. Retta ta faɗi a bakin ƙofa, ƙafar ta kumbura, ni ke girki, ita ke zagin girkin. Yanzu da sauƙi. Amma ba wannan ne ya hana ni rubutu ba, ba zan ɓoye miki ba.

Na yi niyyar in amsa miki amsar da za ta rufe miki baki. Na kifa akwatin kifi a rumfa, na shimfiɗa tsohuwar a dama, taki a hagu, na sa ma’aunin katako ina bin su layi layi. Taru biyu na mutane suna jira ban taɓa su ba. Retta tana tsammanin aiki ne ya yi mini yawa.

Ayoyi goma sha shida na samu an sauke ƙasa, na rubuta su duka. Kuma har yanzu ina nan a kan bakana: tsohuwar tana da nauyi a baki, mutum ya san a gaban Wa yake tsaye. Taki kuwa tana magana kamar mai karanta labarai a rediyo. Sai dai akwai wata sura a cikin annabawa da na shekara hamsin ina karanta wa jama’a da babbar murya, ashe ban san abin da take cewa ba, sai da na gan ta a hagu. Na rufe littafin na fita na tsaya ina kallon teku, raina a ɓace, ban san da wa nake fushi ba.

Na kuma ga sunayen da kika rubuta da fensir a gefen shafi, kowane da kwanan wata. Gerrie, da Bella, da wani Donnie. Goma sha ɗaya na ƙirga. Na gane su wane ne: majinyatan da kika karanta wa.

Na koma wurin Wattie sau biyu. Na ce, “Wattie, yarinyar nan a gabanmu ta girma.”

Ya ce, “Shi ya sa, Innes. In baƙuwa ce da ban damu ba. Sa hannuna rantsuwa ce, ba ado ba.”

Ba mugu ba ne, kin sani. Tsoro yake ji, ni ma ina ji. Ishbel, layi ɗaya ne. Ki rubuta, ki ci gurasa, sauran mu bar wa Allah. Tunanin ki a gefen kogi cikin ruwa ya hana ni sakat.

Baffanki

Leeds, 8 ga Nuwamba

Baffa,

Na gode Allah da Gwaggo ta samu sauƙi. Na yi kuka da na ga rubutunka, har matar gidan ta kawo mini shayi.

Na ɗauki alƙalami sau uku. Ba zan rubuta ba. Kai ka koya mini cewa mutum ba ya zuwa teburin nan da ƙarya a bakinsa. In zan tsufa a bencin baya, to in tsufa. Kada ka ƙara roƙona, don ina tsoron wata rana in yarda.

Ishbel

Portlennie, 18 ga Nuwamba

’Yata,

Muna lafiya. Wasiƙarki ta tafi yau, kai tsaye zuwa ga Holroyd, da sa hannu uku. Ranar Lahadi ki je da wuri, ki sayi sabuwar hula. Retta ta sa an kyafa miki kifi, yana biye. Kada ki tambaye ni komai yanzu.

Baffanki

Leeds, Lahadi, 23 ga Nuwamba

Baffa,

Na san ba ka son a rubuta wasiƙa ranar Ubangiji. Yau dai ka yi haƙuri, in ban rubuta ba, zan fashe.

Tun ranar Alhamis ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Na ce Baffa ya ci Wattie da yaƙi! Na sayi hula, ruwan toka. Yau ƙarfe goma ina bakin ƙofa. Holroyd ya ɗaga ambulan yana dariya ya ce, “Alƙalami ya samu!” Matarsa ta ja ni har cikin da’ira, kujera ta uku daga teburi. Ina jin ƙamshin gurasar daga inda nake.

Sai ya miƙe ya karanta wa jama’a, kamar yadda aka saba. Gaisuwar ’yan’uwa na Portlennie, da cewa ina cikin zumunci shekara goma sha ɗaya ba abin zargi. Sa’an nan ya zo layin nan: “’Yar’uwarmu ta tabbatar mana ta bakin ɗan’uwa Innes Cowie cewa ta rabu da sababbin fassarori, ta riƙe tsohuwar kaɗai a matsayin Maganar Allah.” Ya ɗan yi tari, don tasa sabuwar tana kan kujerarsa a buɗe. Ya ƙarasa, kowa ya ce amin.

Baffa, yaushe na tabbatar maka? Da wane bakin?

Na so in miƙe in ce ba haka ba ne. Amma mace ba ta magana a taro, wannan ma ku kuka koya mini, kuma ko da tana yi, me zan ce? In ce dattijon da ya yi mini baftisma ya yi ƙarya? Aka yi godiya, aka kakkarya gurasa, faranti ya taso. Mutum na farko, na biyu. Matar Holroyd ta miƙo mini tana murmushi. Na riƙe shi da hannu biyu. Mako goma sha uku ina mafarkin wannan farantin.

Na miƙa wa ta kusa da ni. Ban taɓa ba. Ƙoƙon ma haka.

Da aka tashi Holroyd ya tare ni a hankali ya ce, “Lafiya, ’yar’uwa?” Na ce ban shirya zuciyata ba. Ban faɗi sunanka ba, kuma ba zan faɗa ba. Amma ban san yadda zan yi Lahadi mai zuwa ba, da ta bayanta. A da a baya nake don ba ni da wasiƙa, yanzu ina da ita, kuma ta fi rashinta ciwo.

Ina fushi da kai, fushin da ban taɓa yi da kowa ba. Ina kuma ƙaunarka, abin da ya ƙara ɓata mini rai ke nan. Gobe da safe zan jefa wannan a akwati kafin in huce.

Ishbel

Portlennie, Litinin, 24 ga Nuwamba

’Yata Ishbel,

Salama. Retta tana taka ƙafar, tana gaishe ki. Na san jiya kin ji abin da aka rubuta a kanki, don haka bari in faɗa da kaina kafin amsarki ta iso.

Ƙarya na yi. Na ɗauki wasiƙarki ta ƙarshen Oktoba, na naɗe ta yadda layin ƙarshe kaɗai ke nunawa, inda kika ce mu yi yadda muka ga dama da littafin. Na nuna wa Wattie na ce, “Ka gani, ta sallama.” Ya dube ni ya ce, “Innes, kai ka tsaya mata?” Na ce ni na tsaya. Ya sa hannu bai ƙara tambaya ba, don shekara hamsin bai taɓa kama ni da ko rabin ƙarya ba. Har ya dafa kafaɗata ya ce an yi murna a sama.

Ranar Asabar na koma rumfa. Wattie kullum cewa yake sabuwar fassara ta sassauta komai, sai na ce bari in duba ko ta sassauta wa maƙaryaci. Na bi duk inda aka yi maganar ƙarya, dama da hagu, da ma’aunina. Ba ta sassauta ba, ’yata. Bakinsu ɗaya. Taki ma ta fi faɗa mini a fili, ba inda zan ɓuya in ce ban gane ba.

Jiya faranti ya zo gabana, na bar shi ya wuce. Da aka tashi na kira Wattie da Peem gefe na gaya musu komai, na ce ke ba ki san komai ba. Peem ya yi ta kuka. Wattie bai ɗaga murya ba, ya ce yau zai rubuta wa Holroyd ya janye sa hannunsa, ni kuma in ajiye dattijantaka. Na ba shi mabuɗin ɗakin taro. Daidai ya yi, kada ki riƙe shi a zuci.

Tun ranar da na naɗe takardar na san ba zan iya riƙe maganar fiye da mako ba. Na lissafa kwanakin gidan waya, na ga Lahadi ɗaya za ta fita a tsakani. Ita kaɗai na iya samo miki, ba ni da wani abin sayarwa sai sunana. Ki yi fushi da ni yadda kika ga dama, na cancanta. Abin da ya riƙe ni jiya, lokacin da farantin ke wucewa, shi ne na san a daidai wannan sa’a kina zaune a cikin da’ira da sabuwar hula, gurasa a hannunki.

Ki rubuto da sauri ki ba ni labari, kada ki rage komai. Wa ya miƙo miki?

Baffanki,
Innes